'Yan mutum-mutumin da ba su kai yatsa ba, amma suka kai manyan kamfanoni kotu

A birnin Nottingham na ƙasar Ingila, garin da masu kallon ƙwallo suka sani da ƙungiyar Nottingham Forest, akwai wani makeken zaure da ake kira Warhammer World. Idan kuka leƙa ranar Asabar za ku tarar da tebura jere, kowanne an ƙawata shi da 'yan tsaunuka na soso, da bishiyoyin roba, da kangayen gidaje. A kan teburan kuwa rundunoni ne na 'yan mutum-mutumi: ga mahaya dawaki, ga maharba, ga wadanni masu gatura, ga dodanni masu haure. Mafi yawansu tsayinsu bai wuce santimita uku ba, ko ƙaramin yatsanku ya fi su. Masu wasan ma ba yara kaɗai ba ne. Akwai ɗalibai, akwai malamai, akwai magidanta masu furfura, kowa riƙe da tef ɗin awo irin na tela.

Abin da ido ba ya saurin kaiwa gare shi shi ne wani ɗan rubutu sirit a bayan kwalin da aka sayo kowane ɗan mutum-mutumi. A nan ake jera sunayen waɗanda suka mallaki wannan siffa da wannan suna, da wanda aka ba izinin ƙera ta. Robar da aka zuba kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan rubutun ne ake zubar wa miliyoyi, a kansa ne kuma aka sha zuwa gaban alƙali. Shi za mu bi diddigi a wannan mako, domin darasin da ke cikinsa ya shafi duk ɗalibin da ke zane ko rubuta labari a bayan littafinsa.

Yadda ake wasan

Mai wasa yakan sayi kwali, ya tarar da sassan jikin sojojinsa a warwatse: kai daban, hannu daban, takobi daban. Shi zai yanke su, ya haɗa da gam, sannan ya zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Soja ɗaya kan iya cin yini guda, runduna kuwa sai a yi watanni. In ya gama sai ya nemi abokin karawa, su shimfiɗa fagen fama a kan teburi, wanda a al'ada kan kai ƙafa shida a tsaye, huɗu a kwance. Akwai littafin dokoki da ya faɗi nisan da kowane soja zai iya tafiya, da ƙarfin makaminsa. Da tef ake auna tafiya, sannan a jefa 'ya'yan ludo masu ɗigo ɗaya zuwa shida don a san ko sara ya samu ko ya kuskure.

Wasan ya samo asali daga horon soja. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓe shi don koyar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya tsara dokokin wasa da sojojin wasan yara. Shekaru da dama yaƙe-yaƙen tarihi kawai ake kwaikwaya. Sai a 1971 Gary Gygax da Jeff Perren a Amurka suka fitar da dokokin Chainmail, suka ƙara musu babi na matsafa da dodanni. Daga nan aka samu wasan Dungeons & Dragons a 1974. Da almara ta shigo, matsalar izini ta biyo ta. Sojan Napoleon ba na kowa ba ne, duk wanda ya ga dama ya ƙera shi. Amma halittar da wani marubuci ya ƙago tana da mai ita.

Gonar Tolkien da yadda aka raba ta

Marubucin da ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne J. R. R. Tolkien, farfesan harshe a Jami'ar Oxford, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892. Ya fitar da The Hobbit a 1937, sannan The Lord of the Rings a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Ya ƙagi duniya guda mai suna Middle-earth, da sarakunanta, da taswirarta, har da harsunanta.

Ku ɗauki wannan duniya kamar gona. Mai gona yana iya sayar da ita gaba ɗaya, yana iya yanka wani ɓangare ya sayar, yana kuma iya ba da haya na damina uku ya karɓi abinsa. A 1969 Tolkien ya yanki wani ɓangare ya sayar wa kamfanin fim na United Artists, wato 'yancin yin fim da wasan dandamali da kayan sayarwa daga littattafan nan biyu, a kan kuɗin da ya ɗan haura fam dubu 100. Ya riƙe 'yancin buga littattafan, wanda ya koma hannun magadansa bayan ya rasu a 1973. A 1976 wani furodusa Ba'amurke, Saul Zaentz, ya sayi wancan ɓangare daga United Artists, ya kafa masa ofishi mai suna Tolkien Enterprises, duk da cewa iyalin Tolkien ba su da hannu a ciki.

Zaentz bai yi wasa da kayansa ba. Kafin zuwansa masu ƙira suna cin karensu babu babbaka, wasu ma dabara suke yi, su ƙera jaruman Tolkien su laƙaba musu wasu sunaye. A 1977 lauyoyinsa suka aika wa kamfanin TSR, masu Dungeons & Dragons, takardar gargaɗi. Kamfanin ya janye wani wasansa da ya gina a kan yaƙin ƙarshe na The Hobbit, ya kuma sauya sunaye a littattafansa: hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant. Halittun suna nan yadda suke, da gajartarsu da komai. Sunan ne kawai ya gagara, domin da mai shi.

Wannan yanki na gona bai daina sauya hannu ba. A 2022 wani kamfanin wasannin kwamfuta na ƙasar Suwidin mai suna Embracer ya saye shi a kan kusan dala miliyan 400. Ku gwada wannan da abin da Tolkien ya karɓa a 1969.

Mene ne lasisi?

Lasisi haya ce. Mai haƙƙi ya ba wani izinin amfani da kayansa bisa sharuɗɗa, mallaka kuma tana nan a hannunsa. Takardar yarjejeniyar takan amsa tambayoyi biyar. Wane irin kaya za a yi? A waɗanne ƙasashe za a sayar? Shekara nawa izinin zai yi? Nawa za a biya? Wa zai duba kayan ya amince kafin su fita kasuwa? Biyan yakan zo kashi biyu: wani dunƙulen kuɗi da ɗan haya ya yi alkawarin bayarwa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sai kuma kaso daga kowane kwalin da aka sayar.

Mai haƙƙi mai wayo ba ya ba mutum ɗaya komai. Yakan yayyanka izinin ƙanana-ƙanana. Wannan kamfani ya yi wasan kati, wancan ya yi riguna, wani ya yi wasan kwamfuta, wani kuma 'yan mutum-mutumi. Ko a cikin mutum-mutumin ma ana iya rabawa. Tun ƙarshen shekarun 1980 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Ayalan mai suna Mithril yake zuba jaruman Tolkien da ƙarfe bisa yadda littattafan suka siffanta su, kuma bai daina ba ko da wani ya zo ya karɓi izinin ƙera su bisa kamannin fim.

Kalma ɗaya a irin wannan takarda tana iya zama dukiya. A 2012 magada Tolkien suka kai ƙarar kamfanin Warner Bros. suna neman dala miliyan 80. Hujjarsu ita ce abin da mahaifinsu ya sayar a 1969 kayan da ake riƙewa a hannu ne, irin mutum-mutumi da tufafi, babu wasannin intanet da na'urorin caca a ciki. Ai a 1969 babu wanda ya san za a yi su. Sai a 2017 aka sasanta a wajen kotu.

Shekarun girbi

Yanzu mu koma Nottingham. Kamfanin da ke da wancan zaure sunansa Games Workshop. Abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975: John Peake, Ian Livingstone da Steve Jackson. Da allunan wasa na katako suka fara, har da na wasan ramuka da ƙwayoyi na Afirka da Turawa ke kira mancala. Abin da ya ɗaga su shi ne izinin da suka samu na rarraba Dungeons & Dragons a Turai. Ashe tun daga tushe da kayan wani suka tashi. A 1979 suka taimaka aka kafa Citadel Miniatures don ƙera 'yan mutum-mutumi, a 1983 suka fito da tasu duniyar mai suna Warhammer, a 1987 kuma Warhammer 40,000, wadda yaƙinta a sararin samaniya ake yin sa.

Da aka ji cewa darakta Peter Jackson yana ɗaukar fina-finai uku na The Lord of the Rings a ƙasar Niyuzilan, Games Workshop ya nemi izini daga kamfanin New Line Cinema ya samu. Wasan ya fito a 2001, shekarar fim na farko. Manyan masu ƙirar su ne tagwaye biyu, Alan da Michael Perry. Michael ya rasa wani sashe na hannunsa na dama a 1996 a haɗarin igwa wajen kwaikwayon wani tsohon yaƙi, ya koma ya koyi sassaƙa da hagu. Aikinsu shi ne su fito da fuskar ɗan wasa kamar Ian McKellen, wanda ya fito a Gandalf, a kan kan da bai fi ƙwayar wake ba, har mai kallo ya gane shi. Tagwayen ma sun samu fitowa a cikin taron mahaya a fim na uku.

Izinin yana da iyaka. Wasan jarumta na baka, irin na Dungeons & Dragons, wani kamfani daban mai suna Decipher aka ba. Littafin The Silmarillion, wanda ɗan Tolkien, Christopher, ya fitar a 1977, yana hannun magada, don haka labaransa ba sa cikin ciniki ko da masu wasa sun roƙa. An kuma ƙera sojojin da siririn jiki mai kama da na mutane, sun bambanta da na Warhammer masu manyan kai da hannu.

Ciniki ya buɗe fiye da zato. Wata mujalla ta kamfanin De Agostini da ke fita duk mako biyu da 'yan sojoji a manne a bango ta kai wasan gidajen yaran da ba su taɓa shiga shagon wasa ba. Fim na biyu ya fito a 2002, na uku a 2003, har ya ci kyautar Oscar 11. Daga nan kasuwa ta watse. Babu sabon fim, yaran da suka shigo saboda fim suka kama gabansu. Zuwa 2005 cinikin ya faɗi warwas, ribar kamfanin ta zube, shekarun da suka biyo baya kuma ya yi ta rage ma'aikata da kashe kuɗi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin bai saki lasisin ba, har yau yana ƙera wasan da sunan Middle-earth Strategy Battle Game, amma ya gane cewa rayuwarsa tana kan duniyar da shi ya mallaka. Daga nan ya ƙara ɗaura ɗamarar tsare ta.

Shari'ar sulken kafaɗa

A jihar Teksas ta Amurka an yi wani ƙaramin kamfani mai suna Chapterhouse Studios. Sana'arsa ita ce ƙera 'yan sassa da za su dace da sojojin Warhammer 40,000: kawuna, makamai, ƙofofin motocin yaƙi, da sulken kafaɗa masu tambari iri-iri. Yana kuma ƙera halittun da Games Workshop ya ambata a littattafansa amma bai taɓa fito da mutum-mutuminsu ba. A ƙarshen 2010 Games Workshop ya maka shi a kotun tarayya da ke Shikago.

Kowa ya ɗauka ƙaramin zai durƙusa tun kafin a fara, domin kuɗin lauya a Amurka ba wasa ba ne. Sai wani babban ofishin lauyoyi, Winston & Strawn, ya tsaya masa kyauta. Aka shiga bin kaya ɗaya bayan ɗaya, fiye da ɗari. Tambayar da aka yi ta maimaitawa ita ce: wannan siffa ƙirƙirar kamfanin ce, ko kuwa abu ne da ke yawo a duniya tun da daɗewa? Ƙoƙon kan mutum, fukafukan mikiya, lambobin Rumawa, kibiya, kan kyarkeci, duk an yi amfani da su a tutoci da garkuwa ɗaruruwan shekaru kafin a haifi kamfanin.

A nan dokar haƙƙin mallaka take da wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Ba ta kare tunani tsurarsa, yadda aka fito da shi take karewa. Gizo da Ƙoƙi na kowa ne, duk wanda ya so ya rubuta musu sabon labari. Amma idan wata ɗaliba ta zana nata Gizon da jar hula da karyayyen haƙori, ta ba shi labari da kalmominta, wannan zanen da wannan rubutun nata ne. Haka soja mai sulke a sararin samaniya tunani ne na kowa. Takamaiman sojan da mai ƙirar Nottingham ya sassaƙa shi ne ake iya karewa.

A watan Yunin 2013 masu taimaka wa alƙali suka yanke hukunci mai harshen damo. Sun sami Chapterhouse da laifi a kan wasu kayan, kusan kashi ɗaya cikin uku, suka wanke shi a sauran. Diyyar da aka yanke dala dubu 25 ce kacal. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta. A takarda babban kamfanin ya ci wani abu, amma shari'ar ta nuna wa duniya cewa katangarsa tana da ɓaraka da yawa.

Kalmar da ta girmi kamfanin

Ana cikin wannan shari'a wata ta kunno kai. A ƙarshen 2012 kamfanin ya kai kuka ga Amazon a kan littafin wata marubuciya Ba'amurkiya, M. C. A. Hogarth, saboda ta sa kalmomin Space Marine a sunan littafin, alhali sunan fitattun sojojin Warhammer 40,000 ke nan. Amazon ya sauke littafin. Wannan karon maganar alamar kasuwanci ce, wato suna ko tambarin da mai saye ke gane kayan wani kamfani da shi, kuma dokarta daban take da ta haƙƙin mallaka.

Marubuta da masu karatu suka yi ca. Suka tono cewa wani marubuci mai suna Bob Olsen ya yi amfani da kalmomin a labarinsa tun 1932, shekara 43 kafin a kafa Games Workshop, wasu da dama kuma sun bi bayansa. Ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet ta EFF ta shiga maganar, a watan Fabrairun 2013 aka mayar da littafin kasuwa. Masu suka suka tuna wa kamfanin cewa shi ma ya sha daga rijiyar wasu: wadanni da dodanninsa jikokin na Tolkien ne, tambarinsa mai kibau takwas kuma an san shi a littattafan Michael Moorcock tun kafin Warhammer. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya biyo baya ya ba masu wasa dariya da haushi lokaci guda. Sunaye suka fara sauyawa. A 2014 rundunar Imperial Guard ta koma Astra Militarum. A 2015 aka rushe tsohuwar duniyar Warhammer aka kawo sabuwa mai suna Age of Sigmar, inda orcs suka koma orruks, elves suka koma aelves, dwarfs suka koma duardin. Yawancin masu bin al'amarin suna ganin dalilin a fili yake: kalmar da ke cikin ƙamus ta kowa ce, wadda ka ƙaga da bakinka kuwa kana iya yi mata rajista. Abin da aka tilasta wa TSR a 1977, Games Workshop ya yi wa kansa da kansa bayan shekara kusan 40.

Masu tarawa, 'yan jabu da sabuwar na'ura

Ba kowa ke sayen waɗannan kaya don wasa ba. Akwai masu tara su a kabad na gilashi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. A wurinsu lasisi ne ke yanke daraja. Ranar da izini ya ƙare, dole kamfani ya daina zubi, abin da ke hannun mutane shi ke nan har abada. Citadel ta taɓa ƙera jaruman The Lord of the Rings da ƙarfe a tsakiyar shekarun 1980 ƙarƙashin wani izini na ɗan lokaci, kuma masu tarawa har yau suna farautarsu a kasuwar gwanjo ta intanet, musamman wanda ba a taɓa fasa ledarsa ba.

Inda kuɗi yake, 'yan jabu ba sa nisa. Sukan sami na asali guda ɗaya, su danna shi a cikin roba mai laushi ya bar gurbinsa, sannan su riƙa zuba nasu a gurbin. Gogaggen mai tarawa yana gane su: jabun yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, kuma ƙananan zane irin gashin gemu da zoben sulke sukan dusashe. Wanda ya ɓata makonni yana sassaƙa ainihin siffar ko sisi ba ya samu daga wannan ciniki.

Sabon ciwon kai kuma shi ne firinta mai fitar da abu sukutum, wadda ke gina mutum-mutumi shimfiɗa bisa shimfiɗa daga zanen kwamfuta. Yau mutum yana iya ajiye ta a ɗakinsa. Zanen kuwa fayil ne, ana tura shi kamar hoto. Tun 2012 Games Workshop yake aika takardun neman a sauke irin waɗannan zane daga shafukan intanet, a 2021 kuma ya tsaurara ƙa'idojinsa har ya hana masoya yin fina-finan katun da jarumansa ba da izini ba, abin da ya fusata da yawa daga cikinsu. Sai dai na'urar ta buɗe ƙofa ga masu basira. Akwai matasa a ƙasashe da dama da ke ƙaga nasu halittun, su sayar da fayil ɗin ga masu biyan kuɗin wata-wata, su kuma ba wasu lasisin bugawa da sayarwa. Kowannensu ya zama ƙaramin mai gona.

Tagwayen Perry kuwa sun bar kamfanin a 2014 suka maida hankali ga nasu, wanda ke ƙera sojojin tarihi zalla. A cikin kayansu akwai mayaƙan Mahadi na Sudan na shekarun 1880, da rigunansu da masu. Babu wanda suka nemi izininsa, domin tarihi ba shi da mai haya.

Ɗan haya ya zama mai gida

Yau Games Workshop ne ake bi ana neman izini. Kamfanin Creative Assembly ya karɓi lasisi ya yi wasan kwamfuta na Total War: Warhammer a 2016. Wasan Space Marine 2 da ya fito a 2024 ya sayu miliyoyi, kuma a shekarar kasuwanci ta 2024 zuwa 2025 kuɗin lasisi kaɗai ya kawo wa kamfanin sama da fam miliyan 50, ba tare da ya zuba robar ko soja ɗaya ba. A watan Disambar 2024 ya kammala yarjejeniya da Amazon don yin fina-finai, a watan ne kuma ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Wanda ya fara da rarraba wasan wani, ya yi arziki da fim ɗin wani, ƙarshe da nasa ya tsaya da ƙafafunsa.

Abin da ya shafe ku

Wataƙila a cikin masu karanta wannan shafi akwai mai littafi cike da zanen jarumai, ko mai rubuta labari a waya yana tura wa abokai, ko mai gina dawaki da laka. A Najeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare rubutu da zane da sassaƙa tun daga lokacin da aka fito da su, ba sai an yi rajista ba. Kariyar tana nan tsawon ran mai aikin, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Haka dokar Birtaniya ma take, shi ya sa littattafan Tolkien za su ci gaba da zama a hannun magadansa a can har ƙarshen 2043. Dokar tamu ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba mutum ɗaya tak izini, sai a rubuce.

Kwaikwayon jarumin da kuke so a littafin zane hanya ce ta koyo, duk masu zane da haka suka fara. Matsala tana farawa ne ranar da aka buga shi a riga ko a kwali aka kai kasuwa. In kuma naku ne kuka ƙaga, ku sa suna da kwanan wata a kan kowane shafi, ku adana zanen farko. Ranar da wani ya zo da kuɗi yana so, kada zumuɗi ya sa ku sa hannu a tsaye. Ku kai takardar wurin iyaye ko malami, in da hali a nuna wa lauya, a tambayi mai sayen: sayarwa ce ko haya? Ta wane kaya? Zuwa yaushe? Farfesa Tolkien ya san harsuna da dama, ya kuma karɓi kuɗin da a zamaninsa ba kaɗan ba ne. Duk da haka, shekara 43 bayan ya sa hannu, sai da magadansa suka je kotu don a fassara musu abin da takardar take nufi.